Malam Sau Biyar

Wani ne, ranar Asabar sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon malaminsa na lissafi. A riƙe wannan lokaci da kyau, domin daga nan aka fara zaluntar Malam.

Gida ɗaya suke haya, bene mai hawa uku. Malam yana hawa na farko, mutumin yana na biyu. Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ya yi ritaya da mutuncinsa cif, ko makara ba a taɓa rubuta masa ba. Shi kuwa mutumin gyaran fanka yake yi a kasuwa. Shekara shida ya yi a hannun Malam, a sashen da kowa yake gamawa cikin shekara uku.

Abin da ya kawo shi kuwa, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ranar kuma tana aiki har yamma. Shi kuma ya gayyato abokansa uku su zo kallon ƙwallo ƙarfe huɗu, har ya cika musu baki cewa zai gasa musu nacos da hannunsa. Nacos ɗin nan ba wani abu ba ne mai wuya. Soyayyun fallayen masara ne masu kusurwa uku, ana sayen su a leda. A jera su a tire, a zuba musu niƙaƙƙen naman shanu da aka soya da albasa, a ƙara wake da tumatir da barkono, a barbaɗe da cuku, a tura cikin obin, wato murhun gashi, ya narke. Matar ta rubuta masa komai a takarda, na mutum huɗu. Kafin ta fita ta ce, “Don Allah, kada ka ƙara komai daga kanka.”

To, abokai uku suka faɗa wa abokansu. Kafin rana ta take, uku sun zama goma sha tara. Da shi, ashirin.

Malam ya buɗe ƙofa, jan biro a hannu, yana cikin gyara kurakuran jaridar ranar.

“Malam, barka da hutawa. Tambaya na zo da ita.”

“Shekara shida ba ka taɓa ɗaga hannu ba. Sai yau?”

“Abinci ne na mutum huɗu, sai aka samu mutum ashirin. Yaya ake yi?”

Malam ya ji daɗi har cikin ransa. Ya gyara zaman tabarau.

“Ashirin a raba huɗu, nawa ke nan?”

Mutumin ya duba yatsunsa, ya duba rufi, ya koma kan yatsu.

“Biyar?”

“Da alamar tambaya ko babu?”

“Babu, Malam. Biyar.”

“Madalla. Sai ka ninka abin da ke cikin takardar sau biyar. Kuma ka tuna abin da nake faɗa muku kullum. Lissafi ba ya wariya. Abin da ka yi wa wannan lamba, ka yi wa waccan.”

Iyakar abin da Malam ya faɗa ke nan. Bai ƙara ba, bai rage ba, kuma mai ɗakinsa tana falo tana ji.

Gogan naku ya hau sama da gudu. Nama rabin kilo, ya mayar kilo biyu da rabi. Daidai. Albasa ɗaya, ya yanka biyar yana hawaye. Daidai. Cuku kofi biyu, ya yi goma. Har zuwa nan da Malam zai ba shi maki cikakke.

Sai ya ga layin farko na takardar: ka wanke hannu. Ya wanke, ya goge, ya sake wankewa, har sau biyar. Wannan bai cuci kowa ba.

Sai ya ga inda matar ta rubuta, “fallayen masara masu kusurwa uku.” Ya tsaya. Uku ai lamba ce. Uku sau biyar, sha biyar. Ya ɗauko fulayarsa ta aiki, ya zauna a ƙasan kicin, ya kama fallen farko zai fitar masa da kusurwa goma sha biyar. A kusurwa ta shida fallen ya ruguje. Na biyu ya kai bakwai. Ya yi leda uku a haka, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ya dubi garin da ya taru a gabansa, sai ya murmusa.

“Wannan ai kusurwarsa ba ta ma ƙirguwa. Na yi rara.”

Ya tattara ya zuba a tire.

Saura zafi. Takarda ta ce digiri ɗari biyu. Sau biyar, dubu. Ya murɗa maɓallin obin, ya tsaya a ɗari biyu da hamsin. Ya sa fulaya ya ƙara murɗawa, maɓallin ya fito a hannunsa. Ya mayar da shi, ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya miƙe zumbur har ya buga kansa da kanta.

“Obin biyar! Kowanne ɗari biyu! Dubu cif!”

Ya duba takarda, ta ce tire ɗaya. Tire biyar ke nan, kowanne da obin ɗinsa. Lissafi ya hau. Bai taɓa jin kansa da ilimi kamar wannan lokacin ba.

Ya bi ƙofa-ƙofa da tire a ka. Ya ba tela da ke kusa da shi ɗaya. Ya ba mai kemis ɗaya. Ya hau sama ya ba gwauron hawa na uku ɗaya, wanda sai da ya fitar da takalmansa daga cikin obin ɗin tukuna. Duk inda ya shiga magana ɗaya yake yi.

“Minti sha biyar sau biyar, saba'in da biyar. Kada a buɗe sai na zo.”

Tela ta ɓata fuska. “Saba'in da biyar? Ƙafar saniya kake dafawa?”

“Anti, lissafin Malam ne.”

“Malam da kansa?”

“Da bakinsa.”

Ta karɓi tiren. Duk gidan babu wanda ya taɓa kama Malam da kuskure.

Tire na ƙarshe ya kai gidan Malam, ƙarfe uku saura kwata. A lura, Malam yana barci. Tun da ya yi ritaya, daga biyu da rabi zuwa uku da rabi barci yake yi, kuma duk gidan an sani. Mai ɗakinsa ce ta buɗe.

“Mama, aron obin. Malam ne ya ba da lissafin.”

Ta kunna masa, ta ɗauki jakarta ta fita cefane.

Ƙarfe uku da minti goma tela ta leƙo.

“Kai, abin nan naka yana ƙauri fa.”

“Ƙamshi ne, Anti. Saura minti hamsin.”

Uku da minti ashirin ta sake leƙowa, mayafi a hanci.

“Ya yi baƙi!”

“Na mutum ashirin ne. Dole ya fi na mutum huɗu duhu.”

Uku da rabi hayaƙi yana fita ta tagogi biyar. Gwauro ya sauko da talabijin a rungume. Mai kemis yana ihu a matakala a kashe wutar gidan. Baƙi goma sha tara suka iso, suka tarar da jama'a a titi, suka tsaya suna tambayar ko an fara rabon abinci ne. Wani ya kira 'yan kwana-kwana.

Malam tari ne ya tashe shi. Ya fito tsakar gida da singileti, silifa ɗaya a ƙafa, tabarau a karkace. Mutumin da shekara talatin da biyar ba a taɓa ganin maɓallin rigarsa a buɗe ba.

'Yan kwana-kwana ba su sami wuta ba. Tire biyar suka fito da su, suka jera a tsakar gida, kowanne baƙi wuluk yana tururi. Shugabansu ya ƙwanƙwasa ɗaya da sanda, ya yi ƙara kamar ƙofar ƙarfe.

“Wa yake narka kwalta a gidan mutane?”

“Nacos ne, ranka ya daɗe.”

“Minti nawa ka sa shi?”

“Saba'in da biyar ya kamata, amma kun katse shi a hamsin. Bai ma nuna ba.”

Ɗaya daga cikin baƙin, wanda tun safe bai ci komai ba don wannan gayyata, ya ɓantari gefe ya kai baki. Aka ji ƙas. Har yau ba a tantance ba ko nacos ɗin ne ya karye ko haƙori.

Ana cikin haka matar mutumin ta dawo daga aiki. Ta dubi tire, ta dubi mijinta.

“Ba minti sha biyar na rubuta maka ba?”

“Na mutum huɗu ke nan, uwargida. Ba ki yi lissafi ba ne.”

Shugaban 'yan kwana-kwana ya cire hular ƙarfensa ya share gumi.

“Bawan Allah, wa ya koya maka wannan lissafin?”

Gogan naku ya washe baki. Ya juya, ya nemo Malam a cikin taro, ya kama hannunsa ya ɗaga sama kamar wanda ya ci dambe.

“Ga shi nan! Malamina ne. Shekara shida ina hannunsa. Duk abin da kuka gani yau, aikinsa ne!”

Mutum sittin da uku ne a wurin. Malam ya ƙirga.

Daga ranar sunan ya bi shi. Lahadi da safe ya je sayen burodi ɗaya, mai shago ya ce, “In ninka maka, Malam?” Litinin wanzami ya tambaye shi ko aski biyar zai yi a jere. Talata direban bas, wanda Malam da hannunsa ya koya wa raba dogon lissafi, ya leƙo ta taga yana kiran, “Malam Sau Biyar, ina zuwa?” Laraba mai ɗakinsa ta kawo masa shayi, ta tsaya da cokali a kan sukari, kafaɗunta suna rawa don dariya. Tambayar cokali nawa tana bakinta, ta haɗiye ta. Malam ya fi son da ta faɗa.

Labulensa na ƙauri, gilashin obin ɗinsa ya dafe, duk bai dame shi ba. Sunansa ne. Dubban ɗalibai sun wuce ta hannunsa, da injiniyoyi da likitoci, amma yanzu duk unguwar ɗalibi ɗaya ta sani.

Alhamis ya zauna ya rubuta wa mai kula da gida wasiƙa, shafi huɗu, da kwanan wata da lokaci da sunayen shaidu. Ya ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin buƙatarsa. Ba ya son sabon labule. Ba ya son a wanke masa obin. Yana son a tara duk wanda ya ji waccan magana, a tsakar gidan da aka faɗe ta, mutumin ya tsaya ya janye ta, ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Aka sa Asabar ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe biyar na yamma. Aka jera kujeru. Tela ta zo, mai kemis ya zo, gwauro ya zo, har mai burodi ya rufe shago ya zo. Malam ya sa kwat ɗinsa, ya ɗaure maɓalli har wuya, ya zauna a gaba.

Mutumin ya iso da sunkuyayyen kai, matarsa tana tura shi ta baya. Ya durƙusa kusa da Malam ya yi ƙasa da murya.

“Malam, haƙurin sau nawa zan bayar? Na ga mutanen da yawa.”

“Sau ɗaya!”

“Ba za a ninka ba?”

“Kada ka ƙara ninka komai a rayuwarka! Ka tashi ka faɗa wa mutanen nan gaskiya. Ka ce ba ni na koya maka wannan shirmen ba. Da ƙarfi, yadda na baya za su ji.”

Mutumin ya miƙe. Idanunsa sun ciko, don shi har ga Allah yana son malaminsa. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗaga murya yadda har masu wucewa a titi suka tsaya.

“Jama'a, ku yafe mini, na yi wa Malam ƙazafi. Ku zama shaida, shekara shida na yi a ajinsa, wallahi ko abu ɗaya bai taɓa koya mini ba!”