Ranar da Na Saka Attaura a Tsakiyar Talmud

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da kuwa zan tsufa in manta sunan jikokina. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a Doha, muna ɗaukar darasin nazarin addinai, sai Farfesa ta ba ni aikin gabatar wa aji bambancin littattafan Yahudawa masu tsarki da rubuce-rubucen malamansu.

A ajin akwai wani Bazazzage, Abdulhakim, dogo mai sanyin murya, wanda har Ibrananci yake ɗan karantawa. Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, saboda haka tun ranar da ya miƙo min biro na raɗa wa 'ya'yanmu uku suna (biyu mata, namiji ɗaya). Burina ɗaya ne: in tsaya gaban aji in burge shi. Da ya ce, "Malama, fannin nan yana da ruɗani, ko in zauna da ke?" sai na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, ba komai." Ai jaruma ba ta amsa tayin farko.

Na koma ɗakinmu a unguwar Muntazah na buɗe littattafai. Tanak, Mishna, Gemara, Talmud, kaina ya yi ta juyawa. Sai na ci karo da hoton shafin Talmud: rubutu manya a tsakiya, ƙanana sun zagaye shi. Nan take zuciyata ta yi fari. Ai wannan tafsirin Babana ne sak! Aya a tsakiya, sharhin malamai a gefe. Na rufe sauran littattafan, na ɓata kwana biyu ina zaɓen mayafi. Anti Rabi, ma'aikaciyar jinyar da muke ɗaki ɗaya, ta ce, "Ke wai karatu za ki ko kamu?"

Ranar ta zo. Na haska shafin a allo, na nuna tsakiya da ƙwarin gwiwa. "Wannan ita ce Attaura, wadda suka ɗauka saukakkiya. Na gefen nan kuwa maganar malamansu ce. Khalas, bambancin ke nan." Har da ɗan murmushi na jefa wa layi na biyu, inda Abdulhakim yake zaune.

Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Abdulhakim, karanta mana tsakiyar." Bawan Allah ya tashi kamar wanda aka aika da saƙon mutuwa. Ya duba, ya ce malamai biyu ne suke saɓani a kan wani hukunci, wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a.

"To," in ji Farfesa, "Attaura ce take kawo gardamar malaman da suka zo bayanta?"

Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "To ina Attaurar ta tafi?"

Dariya ta ɓarke. Farfesa ta yi min bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mara lafiya. Attaura tana cikin Tanak, tare da littattafan annabawa da sauran rubuce-rubuce, littafi ne daban. Mishna ita ce koyarwar baka da malamai suka tattara daga baya. Gemara muhawara ce a kan Mishna, su biyun ne Talmud, su ne a tsakiyar shafin. Ayoyin Tanak sukan shigo ne idan wani malami yana kafa hujja. Na gefe kuma wasu malaman ne da suka zo daga baya.

"Wato malamai a tsakiya, malamai a gefe?" na tambaya.

"Yanzu kika fara," ta ce. "Yalla, zauna."

Da yamma saƙon Abdulhakim ya shigo. Na yi maza na buɗe. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi masu nuna jerin littattafan, a ƙasa ya rubuta, "Kada ki damu, ƙanwata." Ƙanwata! Duk wadda ta yi karatun da na yi ta san an rufe wannan babin.

Har yau sai na ƙirga da yatsu kafin in tuna wanne ne ya riga wanne. Amma na koyi abu guda: idan littafin mutane ya yi miki kama da na gidanku, to ki karanta shi kafin ki je gugar mayafi.