Ranar Da Akawu Ya Tari Ruwa

Garin bai taɓa rasa manyan mutane ba, amma babu wanda ya kamo ƙafar tsohon Akawu, kuma shi da kansa ya tabbatar da hakan a rubuce. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da hatimin ofishin gari. A zamaninsa takarda ba ta zama takarda sai ya hura wa hatimi iska, ya dangwala shi a tawada, ya danna da hannu biyu. Biro uku yake jerawa a aljihun kwat, ɗaya ne kawai ke rubutu, sauran biyun rakiya suke yi. Laima kuwa tana rataye a hannunsa rani da damina, don a ganinsa bai dace sama ta yi wa jami'i ba-zata ba.

Sama dai ba ta taɓa yi masa ba. Famfo ne ya yi.

Shekara arba'in ke nan da aka kafa famfo na farko a bakin kasuwa. Ranar buɗewa gari ya taru, mata sun jera bokitai har gaban shagon tela. Shugaban majalisa ya tashi da mura, muryarsa ta dishe, sai aka ce Akawu ya karanta jawabi ya kuma murɗa famfon. Ya karanta shafi shida. Ya gyara hula. Ya murɗa. Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya ja da baya ya jira. Akawu ba ƙaramin mutum ba ne. Ya durƙusa, ya karkata wuya, ya ɗaga fuska sama, ya saita idonsa da bakin famfon don ya binciki lamarin. A daidai lokacin ne ruwan, wanda ya taho daga nisan mil huɗu, ya iso.

An ce sai a kwata aka tsinto hular. Daga ranar ya samu suna Leƙa-Famfo, kuma mai hoto ya ɗauki hoto guda ɗaya.

Akawu bai yi fushi ba, aiki kawai ya yi. Washegari ya aro hoton daga hannun mai hoto, ya ce ofis na buƙata, kuma ofis bai gama buƙatarsa ba har mai hoton ya rasu. Sannan ya zauna ya rubuta rahoton bikin, tunda rubuta rahoto aikinsa ne. Ya rubuta cewa shugaban majalisa ya buɗe famfo lafiya. A ƙasa, cikin jerin waɗanda ba su samu halarta ba, ya sa sunansa, ya ƙara da cewa aikin ofis ne ya riƙe shi. Ya hura wa hatimi iska, ya danna.

Saura bakin mutane. Tela, wanda tare suka taso, shi ya fi kowa ba da labarin, har da kwaikwayon durƙuson. Sai aka yi rashin sa'a takardar izinin shagonsa ta yi wata bakwai a kan teburin Akawu tana jiran hatimi. A wata na takwas Tela ya gano cewa ashe bai ga komai ba ranar nan, rana ce ta haske masa ido. Takardar ta fito a ranar.

Da Akawu ya yi ritaya sai ya koma rubuta tarihin garin. Ya cika littafi goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya karanta zai yi mamakin yadda mutum ɗaya ya samu lokacin tsayawa kusa da kowane abin kirki. Yana nan aka haƙa harsashin makaranta. Shi ya ba da shawarar inda gada za ta fuskanta. Da ya iso babin ruwa ya lura cewa shekaru sun ja, masu dariya sun ragu, famfo kuma ya zama abin alfahari. Sai ya dawo da kansa wurin bikin. Ya rubuta: "Akawu ya murɗa, ruwa ya fito cikin ladabi."

Haka ya zauna lafiya da tarihinsa har aka zo faɗaɗa titin kasuwa. Aka tumɓuke tsohon famfon. Majalisa ta yanke cewa za a ajiye shi a kusurwar ɗakin karatu, a liƙa ƙaramin allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe shi.

Akawu ya ji labarin da safe. Kafin rana ta yi zafi ya isa ofis da shafi huɗu na abin da ya kamata a zana a allon, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. A kan tsohon teburinsa ya tarar da sabuwar sakatariya, sa'ar jikarsa. Ta miƙe, ta gaishe shi, ta ba shi kujera. Famfon na jingine a lungu, duk tsatsa.

"'Yata," in ji Akawu, "ba don kaina na zo ba. Ni suna bai dame ni ba. Amma gari da bai san wanda ya shayar da shi ba, gari ne da bai san kansa ba. Ki ce wa mai zane ya rubuta da manyan baƙaƙe. In wuri bai isa ba a ƙaro allo."

Sakatariyar tana da wani hali da ba a san ma'aikatan ofishin da shi ba: tana karanta abin da ke cikin fayil. Ta jawo wani tsohon fayil, ta buɗe a hankali.

"Baba, a nan an rubuta shugaban majalisa ne ya buɗe."

"Kuskuren rubutu ne."

"An kuma ce ba ka halarta ba. Aikin ofis ya riƙe ka."

"Wane sakarai ne ya rubuta wannan?"

Ta juyo masa da takardar, ta ɗora yatsa kusa da hatimin. Ya fito raɗau, babu gefen da ya dushe. Aikin hannu biyu ne.

"Ai har yau da maganarka muke aiki, Baba," ta ce cikin girmamawa. "Kai ka ce abin da hatimi ya hau ya gama zama gaskiya. Sai dai in za ka kawo shaida, mutum ko hoto. Ranar Alhamis mai zane zai karɓi suna. In ba a samu ba, na marigayi shugaba za a sa."

Akawu ya fito. A karon farko a rayuwarsa ya ga illar ƙwarewa.

Ya nufi shagon Tela. Ya same shi yana fama da zare da allura, tabarau a kan hanci. Ya gaishe shi gaisuwar da bai yi masa irinta ba cikin shekara arba'in, har da tambayar ƙafa da baya.

"Mutumina, ka tuna ranar da na buɗe famfo?"

"Wane famfo?"

"Haba, na bakin kasuwa. Kana tsaye a gaba."

"Ni? Ai rana ce ta haske mini ido."

"Wannan maganar da ce. Yanzu za ka iya tunawa."

Tela ya lashi bakin zare, ya sake auna ramin allura. "Akawu, wata bakwai na yi ina koyon rashin gani. Da ƙyar na iya. Yanzu da tsufana kake so in sake shiga wata makarantar?"

Saura mutum ɗaya, kuma ita ce wadda Akawu ya fi tsoro. Yayarsa ce ta farko a layin bokitai ranar nan. Ta haura tamanin, kunne ya yi nauyi, amma ba ta taɓa mance abin da ya kamata a mance ba. Ya same ta a tsakar gida tana ninke wanki.

"Yaya, shaida nake nema."

"Auta ke nan," ta ce. Shekararsa saba'in da biyar, amma a gidan nan bai taɓa samun ƙarin girma ba. "Wace shaidar? Ta ranar da ka shigo kana ɗigar ruwa, ko ta ranar da ba ka je ba? Duka biyun ka ba ni ajiya."

"Ki ce kawai ni na murɗa."

"To, sai in ce ka murɗa, sai me ya faru?"

"Sai ruwa ya zo."

"Ya zo ina?"

Akawu ya dubi igiyar shanya.

"A kan wannan igiyar na shanya kwat ɗin," in ji ta. "Kwana biyu bai bushe ba. Ni ban iya ba da rabin labari ba, Auta. In na fara sai na kai kwata, inda aka tsinto hula. In kana so, mu je."

Ranar Laraba da hantsi ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya fitar da littattafan tarihi goma sha ɗaya, ya fitar da takardar yabo da ya rubuta wa kansa shugaba ya sa hannu. A can ƙasa hoton yake, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya daɗe yana kallonsa. A gefe guda ga mutunci, babu suna. A ɗaya gefen ga suna, a jiƙe. Ya yi tunanin jikokin garin suna tsaye gaban allo suna karanta sunan wani mutum da ko magana bai iya yi ba ranar saboda mura. Ya sa hoton a aljihu, bayan birori.

Ranar Alhamis ya isa ofis. Yaya ta biyo shi ba tare da an gayyace ta ba. Tela ma ya rufe shago, ya ce ya zo ne kawai ya ga ko idonsa zai washe.

Sakatariya ta karɓi hoton da hannu biyu. Ta duba, ta kai bakin taga, ta sake dubawa. Ga jama'a, ga bokitai, ga shugaba da hankici a hanci. Ga wani mutum a durƙushe ƙarƙashin famfo. Daga wuya zuwa sama kuwa babu komai sai farin ruwa.

"Baba, ba a ganin fuska."

Shekara arba'in Akawu yana fargabar a gane shi a hoton nan. Bai taɓa kawowa a ransa cewa za a kasa ba.

"Dubi laima," ya ce. "Wa ke rataye laima a rani a garin nan? Ƙirga birori. Uku ne. Dubi takalmi, dubi ƙyallinsa. A lokacin ko shugaba ba ya goge takalmi haka."

"Mutane da yawa suna da laima, Baba."

"Kamar dai ɗan'uwan injiniyan da ya kafa famfon ne," in ji Tela, yana leƙe. "Shi ma yana da irin wannan ƙeyar."

"Ɗan'uwan injiniya!" Akawu ya miƙe. "Wannan da ko gaban ofis ba ya iya tsayawa? Ya samu zuciyar da zai sa ido a bakin famfo? Ni ne! Ni na leƙa! Duk garin nan babu wanda ya leƙa sai ni. Ku miƙar mini da famfon nan."

Tela ya riƙe tsohon famfon a tsaye. Akawu ya rataya laima, ya gyara birori, ya durƙusa a kan siminti, ya karkata wuya, ya ɗaga fuska sama. Hula ta zame ta faɗi. Sakatariya ta dubi hoto, ta dubi tsoho, ta sake duban hoto.

"Shi ne," in ji Yaya. "Ruwan ne kawai babu."

"Yanzu na gani," in ji Tela. "Wallahi idona ya washe."

Sauka ta yi sauƙi. Tashi ne ya buƙaci mutum uku.

Sakatariya ta rubuta gyara a ƙasan tsohon rahoton, ta buga hatimi. Ta yi bayanin cewa tunda hoton ne hujja, dole a rataye shi kusa da allon. Akawu ya ce shi ma abin da yake shirin ba da shawara ke nan.

Yau duk wanda ya shiga ɗakin karatu zai ga famfon a kusurwa, an yi masa fenti. Ga allo da sunan Akawu, da manyan baƙaƙe kamar yadda ya nema. Ga hoton a samansa, an faɗaɗa shi har ana ganin hular tana hanyar kwata. Kullum da safe Akawu na zuwa ya tsaya a gefe da laimarsa, ko da wani baƙo zai buƙaci ƙarin bayani. Littafi na goma sha biyu ya yi nisa.

Ran nan Tela ya biyo ta wurin, ya same shi yana yi wa wasu malaman makaranta jawabi. Ya jira har ya kai aya.

"Leƙa-Famfo," ya ce, "shekara arba'in ina so in tambaye ka. Ga laima a hannunka, ga fili a bayanka. Me ya kai fuskarka wurin?"

Akawu ya dube shi irin duban da ake yi wa wanda bai taɓa aikin ofis ba.

"Ruwan nan ya yi tafiyar mil huɗu a cikin duhu," ya ce, "kuma bai san kowa a garin nan ba. Dole wani daga ofis ya tare shi a ƙofa."