Rasuwar Famfon Tankin Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai wadda ya kamata a ce ta cika, mai gyaran agogo da 'yarsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar famfon da ke juya ruwa a tankin kifin falonsu. Ya cika ranar Litinin da hantsi, bayan shekara shida yana aiki ba hutu.

Marigayin bai fi dunƙulen hannu ba. Yana maƙale a jikin gilashi ta kusurwar hagu, yana tura ruwan gishiri a kan duwatsu da murjani. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarsa "zzzz", ita ma sai gida ya yi tsit ake jin ta. Wata huɗun nan kuwa, tun rasuwar matar mai gyaran agogo, kullum ana jin ta.

Ita ce ta kawo shi gidan, ita ce mai tankin. Duk Asabar ɗin farkon wata takan ciro shi, ta jiƙa shi a ruwan khal mai tsami, ta goge farfelarsa da tsohon buroshin haƙori. Mijin yakan wuce ta a bakin wurin wanke-wanke, ya ce sannu da aiki, bai taɓa tambayar wane aiki ba. Da ake kwashe kayanta ya tsinci buroshin a ƙarƙashin tankin, ya jefa a shara.

Jinyar famfon ta fara da "kir-kir". Daga baya ta koma "tak… tak". Mutumin da ke gane ciwon agogo daga bakin ƙofa ya ji, ya ƙara wa rediyo murya. Da mai sayar da kifin ado da aka kira ya buɗe gawar, sai ga farfela ta daskare da farin ɓawo kamar gindin tsohuwar buta.

"Baba, yaushe rabon a wanke shi?" in ji mai kifin.

"Ana wanke shi ne?"

'Yar ce ta fita waje. Shi uban bai ji komai a ransa ba, kamar yadda bai ji komai ba wancan karon da matarsa ta rasu. Ya dai nemi kujera.

Marigayin ya bar hitar ɗumama ruwa ɗaya, fitila ɗaya, da 'yan kifaye uku, kowanne bai kai ƙaramin yatsa ba, gaba fari, wutsiya ja. Aikinsu a duniya shi ne su tsaya cak a tsakiyar ruwa, su fuskanci famfon, abinci ya zo musu har baki. Yanzu ba su san inda za su fuskanta ba. Biyu sun shige rami a ƙarƙashin dutse, ɗaya yana sama yana haki. Su kaɗai suka rage masu rai cikin abin da matar ta bari a hannun mijinta.

Sabon famfo sai Alhamis. Kafin nan mai gyaran agogo yana tsaye da ludayi yana juya ruwan, in hannu ya gaji 'yarsa ta karɓa.

Za a binne marigayin ranar Asabar da safe, a tukunyar furen da ke bakin taga. Masu zuwa gaisuwa su shigo a hankali, kifayen ba sa son inuwa ta gifta. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Sai dai wanda ya san wani abin da matar gidan take yi ba ta faɗa ba, don Allah ya zo ya gaya masa, tun kafin wani abin ya sake tsayawa.