Lasa Ka Ji

Zamanin da fetur ya fara ruɗa ƙasar nan, wata uku muka yi da malamina a Nijar muna fasa farin dutse, irin wanda mai ke kwanciya a ramukansa can ƙarƙashin ƙasa. Da na sarari ake gane halin na ɓoye. Ciwo ya sa Malam ya riga ni komawa gida, ya bar mini amanar buhun duwatsun.

A iyakar Jibiya 'yan kwastan suka sauke kayan motarmu, buhun nawa ya shige cikin na wani dattijo mai fataucin kanwa.

"Lasa ka ji, samari," in ji shi.

Ni da digirina in lashi dutse? Na kwance buhu ɗaya, na ɗiga ruwan asid na gwaji, ya yi kumfa irin ta farin dutsenmu. "Wannan ne nawa, Baba. Ilimi ya yi magana."

Sai a ofis, da na juye buhun gaban manya aka ga kanwa ce, na tuna ita ma tana kumfa. Ba wanda ya yi dariya. A makon Malam ya rasu yana tambayar duwatsunsa.

Har yau in matata za ta dafa wake, sai ta miƙo mini kanwa: "Masani, duba mana ko da fetur a ciki."