Faɗuwata Kan Zana a Bikin Dahome

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta matan garinmu Kurgu ba za su bar ni ba, da ranar da na tafi biki ƙasar mutane na zubar da kunyar da na yi shekara da shekaru ina tarawa. Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan an samu mulkin kai, lokacin ƙasar Benin ana ce mata Dahome, ni kuma ana ce mini mace mai kawaici.

Ga wanda bai san mu ba, a wajenmu uwa ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gabanta sai ta ɗauke kai ta bar wata ta ɗaga shi. Mu da muke da jinin Fulani abin har ya fi tsanani. Ni kuwa a wannan fanni ban da na biyu. Ana yaye ɗana na fari aka miƙa shi ga yayan mijina, wanda kowa ke kira Baffa, dillalin shanu ne mai faɗa a ji, gidansa na jikin namu. Yaron ya tashi yana ce mini Adda, wato yaya, ni kuma in ta kama dole sai in ce "wancan na gidan Baffa". Har misali ake yi da ni, a ce wa amare su koyi alkunya a wurina. (Ina jin daɗin wannan yabo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.)

Baffa ne ya sa shi boko, yaro kuma ya riƙe abin da gaske, daga elemantare har ya gama kwaleji. Sai ga jami'o'i biyu sun ce ya zo. Ta Zariya ta ba shi gurbin koyon aikin mulki. Ta Badun, can ƙasar Yarabawa, ta ba shi abin da ransa ke so, wai shi fiziks, ilimin haske da zafi da yadda abubuwa ke motsi, wanda daga shi ne yake son ya wuce ga nazarin taurari. In ya zo hutu yakan tara ƙannensa a gindin ɗorawa bayan la'asar, ya ajiye ƙwarya ya ce ita ce rana, ya ɗauki lemo ya ce duniya ce, ya yi ta zagaye yana bayani. Ni kuma kullum a daidai wannan lokaci ne tankaɗe ke kama ni a kusa da wurin. Garin da na tankaɗe a wannan hutu ya isa a ciyar da duk mutanen Bagudo.

Ranar yanke shawara Baffa ya shigo gidanmu ya zauna a kan buzu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, in yayansa na magana ko tari ba ya yi. Ina daga cikin ɗaki ina jin su.

"Zariya za shi," in ji Baffa. "Turawa sun naɗe kayansu, kujeru na nan ba kowa bisa. Shi tahi shi koyo mulki shi dawo muna Di'o, mai mulkin gunduma. Taurarin ga tun kaka da kakanni suna nan inda Allah ya aje su, ba wanda yac ce a ƙidaya mai su."

Yaron ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, Badun ta ad da malamman abin da kayan awo. In na tahi Zariya mulki za ni karantawa, ni kau raina bai wurin."

"Badun! Wa ka sani Badun? Mi za ka ci can?"

Can sai na ji yaron ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "To, a tambayi Adda."

Baffa ya yi 'yar dariya, ya ɗaga murya wajen ƙofar ɗakina ya ce, "Ɗiyar Malam, kin jiya. Mi kinka gani?"

Wallahi amsar na bakina, Badun nake so a bar shi ya tafi. Amma me za a ce gobe a bakin rijiya? Wance ta tsoma baki a maganar ɗan fari, a gaban yayan miji? Sai na gyara murya na ce, "Ni? Wane yaro? Ku kai shi dut inda kunka ga dama, ko kiwo na."

Baffa ya ce, "Madalla da ɗiyar mutunci." Ta kafar asabari na hango yaron ya sunkuyar da kai. Ran nan na samu yabon da na saba samu, amma tuwon dare ko taɓa shi ban yi ba.

Ana cikin shirin tafiyarsa Zariya sai bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata ya taso, a wani ƙauyen Dandawa a ƙetaren iyaka. Muka bi ta Dole Kaina muka haye kogin Kwara a kwalekwale, ni da wata goggona. Tun a cikin ruwa na ji wani sakayau, domin dangin uwata ne zalla a can, ba dangin miji, ba matan Kurgu, ba wanda ya san ni da sarautar kawaici.

Ranar ɗaurin aure da hantsi muna tsakar gida, mata cike, ana daka ana dama fura. Maza na waje, tsakaninmu da su wata tsohuwar zana ce da gara ta gama cin ƙafafunta. A cikin matan akwai wata Badandiya mai suna Bibata, mai jiki da murya, dangin ango ce. Tun da ta zauna ba ta da zance sai na ɗanta. Ɗanta akawu ne a ofishin kwastan. Ɗanta na jin Faransanci har Bature na tambayarsa ma'anar wata kalma. Ɗanta ba ya taka ƙasa sai da takalmi sau-ciki. Matan nan kuwa sai "iye!" suke yi suna riƙe haɓa. Ni ina gefe ina mulmula fura, zuciyata na tafasa.

Su can ɓangarenmu na iyaka Ingilishi suke ce masa, mu kuma mu ce wa nasu Faransa. Sai ta juyo ta ce mini, "Ke baƙuwa ta Ingilishi, ku can ɗiyanku na karatu kuwa, ko dai shanu ɗai?"

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ran nan ya cika ya kawo iya wuya. Da farko na bi a hankali. Na ce akwai dai wani yaro, ɗan maƙwabta, jami'a biyu ke rububinsa. Bibata ta taɓe baki ta ce ɗan maƙwabta ai na maƙwabta ne, kowa ya yi tutiya da abin da ya haifa.

Na dubi gabas, na dubi yamma, ba fuskar 'yan Kurgu sai ta goggona, ita ma ta tafi duba tukunya. Na ajiye furar da ke hannuna na ce, "To, ɗana na! Ni na haihe shi, shi na na farko!" Na kuma faɗi sunansa, cikakke, da ƙarfi, sunan da tun ranar da aka raɗa masa bai taɓa fita daga bakina ba. (Kada ku sa ran zan maimaita muku shi a nan. Sau ɗaya na gwada, ku ji abin da ya biyo baya.) Daɗin da na ji a bakina ba ya misaltuwa, don haka na sake faɗa.

Daga nan linzami ya tsinke. Na ce ɗanta takardun jakai yake bugawa hatimi, nawa kuwa da rana da wata yake hulɗa. Na ce tun yana rarrafe na san ba irin sauran yara ba ne, na faɗi ranar da ya yi haƙori, na faɗi zazzaɓin da ya yi yana ƙarami wanda na kwana ina kuka a ɓoye. Wata tsohuwa ta ce, to mene ne shi wannan karatun nasa? Ai kuwa ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na miƙe na ɗaure gyale a ƙugu, na jawo turmi tsakiyar fili na ce, "Wanga shi na rana." Na ɗauki dunƙulen fura na ce, "Wagga ita ta duniya. Ku kuna cewa rana ka tahiya, to ba ita ba ta, mu ka yawo!" Na fara zagaya turmi, furar na hannuna ina murza ta, ni ma ina juyawa, yadda na ga yana yi a gindin ɗorawa. Mata suka fara tafi, wata ta jawo ƙwarya tana kaɗa mini.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma wanda ake yi wa kiɗa ba ya jin kira. Ina zagaye ina ba su labarin Zariya da Badun, har na kai ga Baffa. Na turo ciki gaba, na kama gemun da ba ni da shi, na kumbura murya: "Zariya za shi! Di'o! Di'o!" Na ce, "Tsohon ga in ba haƙoran saniya ba mi ya iya dubi? Yaro na son sama, shi yana jan shi ƙasa! Da ni ad da baki, wallahi Badun za shi, ko da ƙahwa na!" Bibata kanta dariya take har da hawaye.

Abin da yaron bai taɓa faɗa wa ƙannensa ba, ko kuma ya faɗa ina can ina tankaɗe ban ji ba, shi ne mai zagaya turmi yana juyi jiri na ɗibarsa. Na ga gidan ya karkace. Na yi taga-taga na miƙa hannu in dafa wani abu, abin da hannuna ya samu kuwa zanar nan ce. Ba ta yi gardama ba. Ni da ita muka tafi gaba ɗaya, rigijib, sai ga ni kwance a tsakiyar maza, ɗankwali ya yi nasa wuri, furar na nan a hannuna ban sake ta ba.

Na ɗaga kai. Abin da na fara gani wasu takalma ne da na sani. Na bi su da kallo zuwa sama, sai ga gemu, na gaske. Baffa ne zaune da goro a hannu. Ashe uban ango abokin cinikin shanunsa ne tun suna samari, da asuba suka iso. A bayansa kuma, riƙe da butarsa da buzunsa, ga wancan na gidan Baffa.

Liman ya dubi sama, wani ya shiga tari. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Dahome ta ce ba ta san ni ba. Baffa ya gama tauna goronsa a tsanake, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sannu, ɗiyar Malam. Ashe kina da baki." Ya ƙara da cewa, "Gemun dai kin rage mai tsawo."

Maza suka fashe. Na tashi da rarrafe na shige ɗakin amarya, na ja bargo na rufa har kai. Ni da amarya ba a san wadda ta fi wata ɓoyon fuska ba ran nan.

Washegari, don ƙarin azaba, kwalekwale ɗaya ya kwaso mu. Na zauna a can ƙarshe na ba su baya, ina kallon ruwa kamar an ba ni ajiyarsa. Muna tsakiyar kogi na ji Baffa na magana da mai tuƙi, da muryar da ake yi don wani ya ji.

"Ka san hanyar Badun? Yaron ga nawa can za shi. Na so shi zan Di'o, amma na tambayi uwatai a gida tac ce ba ta san shi ba, na iske ta ƙasar Faransa tana kaɗe zana dominai. Wanda anka yi wa haka, ba ni tare mai hanya."

Hawaye suka zubo mini, na kunya da na murna a haɗe, na bar su suna ɗiga a ruwa tunda ba mai ganin fuskata. Da muka iso gaɓa kowa ya sauka, yaron ya zo ɗaukar ƙunshin kayana. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya sunkuya yana gyara ɗaurin, ya ce a hankali, kamar da ƙunshin yake magana, "Adda, dut daidai kinka yi. Sai dai duniya ta hagu ta ka zagayawa." Ya ɗora kayan a ka ya yi gaba da sauri.

Ya tafi Badun, ya yi karatunsa, ya wuce har inda ban iya faɗin sunan wurin ba. Ni kuwa labari ya riga ni isa Kurgu, domin goggona ba ta iya riƙe ko ruwa a baki ba. Daga ranar aka sauke ni daga sarautar kawaici, ba a sake kai amarya koyon alkunya wurina ba. Har yau in na shiga gidan biki sai wata ta ce, "A janye turmi, a riƙe zana."

Abin da na koya kaɗan ne, amma na saye shi da tsada. In an tambaye ki ra'ayinki a kan ɗanki, ki faɗa tun kina zaune a ɗakinki da ɗankwalinki a ka. Maganar da kika ƙi faɗa a zaune a gidanku, wata rana a kwance za ki faɗe ta a gidan mutane.