Rubutun da Na Ɓoye a Cikin Garkuwar Babur

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka cire tallafin mai ba, kuma ba tsadar fetur ce ta sa ba, ko da yake ita ma ta gasa mu. A shekarar ce, daidai lokacin da masu hankali ke jingine baburansu suna komawa keke, ni na je Kano na sayo babur ɗin da ya fi kowanne shan mai a ƙasar Ikara.

Ina da dalili. Baba Malam, wanda ya riƙe hannuna tun daga allo har na iya rubuta wasiƙa da ajami, gwiwoyinsa sun ƙi. Ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau bayan babur, ga shi kullum ana kiransa suna, ɗaurin aure, sulhu. Sai na samu wani tsohon ƙaton babur na tafiyar nesa, mai kujera a gefen dama da tayarta daban, kamar ƙaramin kwale-kwale. Baba Malam ya shiga ya miƙe ƙafa, ya ce wannan ai gado ne mai tafiya.

Shi ya ji daɗi. Ni kuwa da ruwa ya kankama, hanyarmu ta Janfalan ta koma taɓo, duk inda muka isa sai a ga Baba Malam fes, ni daga gwiwa zuwa ƙasa kamar wanda ya taso daga dashen shinkafa. Dillalin da ya sayar mini ya ce akwai wasu garkuwa guda biyu da ake ɗaurawa a ƙasa, gaban ƙwauri, su tare ruwa da iska. Na ce a aiko. Suka iso a kwali, baƙaƙe wul, suna sheƙi, har ina ganin gemuna a jikinsu.

A nan Shaiɗan ya samu wurin zama.

Bakanikenmu Tanimu ne, mai rumfa a bakin hanya. Shekaru da yawa yana gyara mini tsohon baburina, ko noti ɗaya ban taɓa nema na rasa ba. Amma na sha jin labarin masu gyara da ke cire sabon kaya su sa tsoho, kuma ban taɓa mallakar abin da ya cancanci a sace ba sai yanzu. Da hantsi na zauna a zaure, na fere alƙalami, na tsoma a ragowar farin fenti, na yi wani ɗan rubutun ajami a cikin kowace garkuwa, can ƙasa wajen kusurwa inda ido ba ya kaiwa. (Za ku ji abin da na rubuta. Ku yi haƙuri, ni ma ba na ɗokin isa wurin.)

Mai ɗakina ta leƙo da ƙwaryar koko, ta ce, "Malam, yau kuma babur ake wa rubutu? Shi ma sha zai yi?"

Na ce mata akwai abubuwan da ba na mata ba ne.

Da na kai masa babur da kayan, Tanimu ya jujjuya garkuwar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin babur, ya daɗe yana kallon ƙarafan da suka riƙe kujerar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan sai jibi."

Jibi? Ɗaure roba biyu? Zuciyata ta ce, ka ji ko. Washegari sau biyu na bi ta gaban rumfarsa da sunan zan je duba masara, alhali gonata tana ɗaya ɓarin. A wucewa ta biyu na hango wani baƙo mai hular sanyi riƙe da garkuwar dama yana shafa ta. Shi ke nan, na gama shari'a a raina. Ga mai saye nan ma ya zo.

Ranar karɓa na tarar an ɗaura su. Ta hagu an huda mata ramuka a jere. Ta dama ma haka, ga kuma wani babban giɓi a ƙasanta, daidai inda ƙarfen kujera ya ratsa. Na kwanta a ƙasa da farar rigata, ni da nake gudun taɓo, na leƙa. Rubutuna na hagu yana nan. Na dama babu shi, babu alamarsa.

Lissafin ya fito mini sarai: ya sayar da tawa ta dama, ya kawo tsohuwa mai ɓaraka, sannan ya huda ta hagu don su yi kama kada in gane. Har na yaba wa kaina kaifin basira.

Tanimu ya taso yana goge hannu. "Malam, bari in nuna maka yadda na..."

Na ce, "Na gani, Tanimu. Na ga komai. Allah ma yana gani."

Na ajiye masa ladan aikinsa a kan benci, ban sa a hannunsa ba, na tashi babur. Ina jinsa yana kira, ban waiwaya ba.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci inda muke zama, na ba da labari. Ban ce ɓarawo ne ba, ni malami ne, na san hukuncin wannan kalma. Cewa na yi, "Kowa dai ya riƙa sa wa kayansa alama kafin ya kai wa Tanimu." Na ci gaba da jan carbi. Wallahi gara a ce na faɗi kalmar. Cikin mako guda mutum uku da na sani sun ɗauke baburansu sun kai wani wuri, har da Alhaji Sabo mai baburan haya guda biyar, waɗanda da su Tanimu ke ciyar da gida. Na wuce na ga rumfarsa wayam, yana zaune yana wanke sifana da ba ta yi datti ba. Na ce a raina, alhaki ne.

Saura gyaran ɓarnar da na ce ya yi. Na samo gwangwanayen tumatir, na buɗe su da guduma, na toshe ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure da waya. Giɓin dama kuwa na cusa masa tsohon tub ɗin taya, na danna sosai har ya manne da salansa. Ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Iska ma haka, amma wannan ban yi tunaninsa ba.

Ranar wata Asabar aka gayyaci Baba Malam ɗaurin auren jikan abokinsa a Hunkuyi. Muka fito, na sha babbar riga, rana ta buɗe bayan ruwan asuba. Kafin mu kai rabin hanya na fara jin ƙwaurina na zafi. Na ce garkuwa ce ke aiki. Can sai babur ya soma wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Baba Malam ya ɗaga hanci. "Kai, wa ke ƙona taya?"

"Allah gafarta Malam, 'yan bola ne."

"Bolar tana bin mu ke nan, don tun ɗazu nake jinta."

Muna shiga Maƙarfi, daidai inda masu rake ke jere da kayansu, babur ya yi tari biyu ya mutu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙo daga tsakanina da Baba Malam. Wani ya yi ihu, "Wuta! Ku ciro tsohon!" Ƙarti biyu suka sunkuci malamina kamar buhun masara, rawaninsa na warwarewa, suka dire shi a kan benci. Wani ya watso bokitin ruwan wanke rake. Bai samu babur ba, ni ya samu.

Da hayaƙi ya lafa, Baba Malam ya gyara rawani a natse, ya ce, "Kira Tanimu."

Na ce akwai masu gyara a nan kusa.

"Wanda ya ɗaura shi ya san shi. Ko akwai abin da ya hana?"

Ashe labari ya kai masa tuntuni, bai dai ce komai ba. Wata mota da za ta wurin auren ta tsaya, suka roƙe shi ya shiga. Ya ce, "Ku je. Aure ko babu ni za a ɗaura. Wannan kuwa sai ina nan."

Na kira. Ban san yadda na haɗa gaisuwar ba. Tanimu bai tambayi komai ba sai, "Baba Malam lafiya yake? To, ga ni nan."

Ya iso a ɗan baburinsa, ya durƙusa ya gaida Baba Malam, ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru, wanda ya fi mari ciwo. Sannan ya fara ciro aikina. Gwangwani na farko, na biyu, na uku, yana jera su a bakin titi, masu rake suna ƙirgawa da ƙarfi. Wani ya ce, "Malam, miya za a yi ne a ciki?" Da ya zaro narkakken tub ɗin sai da ya juya baya, na ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Malam," in ji shi, "injin nan iska ce ke sanyaya shi. An yi garkuwar don ƙasar sanyi, shi ya sa na huda ta. Ta dama kuma ba a yi ta don mai kujera ba, ƙarfe ya tare wurin, dole na yanke kusurwa. Wuni guda na yi ina aunawa kada in ɓata maka. Har ƙanin matata mai walda na kira ya duba mini."

Mai hular sanyi ke nan.

Sai ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle, ya warware ƙyallen, ya miƙo mini abin da hannu biyu. "Ga guntun da na yanke. Na ga rubutun Arabiyya a jiki, ni kuma ban iya karanta irin wannan ba. Na ji tsoron ko aya ce, kada ta faɗi ƙasa a taka. Ranar na so ba ka."

Kusan mako uku yana ɗauke da shi a ƙirji. In zai shiga bayi sai ya cire ya ajiye a sama.

Baba Malam ya karɓa kafin ni. Ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, na ga ya karanta. Ya miƙo mini. "Idona ya yi rauni. Karanta mana addu'ar, mu ce amin."

"Allah gafarta Malam, ba addu'a ba ce."

"To karanta mu ji ko mece ce."

Mutum ya fi ashirin a wurin, kowa da guntun rake a hannu, an daina tauna. Na karanta da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga:

"Tanimu, in ka canza wannan, Allah ya isa."

Har da sunansa. Tun kafin ya taɓa kayan.

Sai wani tsoho mai rake ya ce, "Amin dai ba za ta yiwu ba," wurin ya fashe da dariya. Tanimu bai yi dariya ba. Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ya ninke shi, ya mayar aljihu. Ya ƙara wa injin baƙin mai, ya jira ya huce, ya tashe shi. Muka isa Hunkuyi ana rabon goro.

A hanyar dawowa Baba Malam magana ɗaya ya yi: "Inda ka zubar, nan za ka kwashe."

Washegari bayan la'asar na miƙe tsaye a gindin darbejiya na faɗi komai, har gwangwanayen. Na ɗauka an gama. Ina! Maganar da na yi a zama ɗaya, sai da na yi sati biyu ina bin ta gida gida. Mutum biyu suka koma da sauƙi. Alhaji Sabo ya ce ai ya riga ya saba da sabon wuri. Sau uku ina zuwa zaurensa. A na huɗu na tarar da ɗaya daga baburansa ya yi faci, na kama shi da hannuna na tura, da rana tsaka, ta tsakiyar gari, har rumfar Tanimu. Alhaji ya biyo ni yana cewa, "Malam, don Allah bari, ka ba ni kunya, za a kawo sauran."

Shekara da shekaru ina karantar da mutane illar mummunan zato, ina kawo aya ina fassarawa. Ashe ni darasin bai shige ni ba sai da aka jiƙa ni da ruwan rake. Yanzu in zuciyata ta kawo mini hujja mai kyau sosai a kan wani, wadda ko'ina ta haɗu babu giɓi, ita nake fara tuhuma.

Tanimu ya dubi babur ɗin Alhaji, ya dubi gumin da ke zuba daga gemuna. Na ce, "Tanimu, ka yafe mini."

Ya ce, "Tun a Maƙarfi na so in yafe, Malam, zuciyar ce ta ƙi. Yau ta yarda. Babu sauran komai tsakaninmu."

Ya miƙo hannu, ya tuna duk baƙin mai ne, zai janye. Na riƙe shi da nawa biyu.