Mai Waya Lamba Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da lamba sha bakwai ba. Yau ko a layin asibiti aka miƙo mini kati na ga sha bakwai a jiki, sai na roƙi na bayana mu yi musaya.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, wato mu ne masu leƙen ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Binciken da malamina ya amince mini shi ne in gano irin ƙwayoyin da ke zaune a jikin wayoyin mutane da na'urorin masu POS a Gyadi-Gyadi da Tarauni, in kuma gwada ko magungunan da ake sha har yanzu suna kashe su. A baki aikin ba wuya: ka goga tsinken auduga a jikin waya, ka kai ɗakin gwaji, ka shafa a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyi, ka rufe, ka jira ka ga abin da zai tsiro.

Tun da na fara ganin abin da ke tsirowa na zame wa mutanen gidanmu alaƙaƙai. Ba mai taɓa kwano sai na tambaye shi abin da ya taɓa kafin nan. Kwalbar sanitaiza ɗaya a jaka, ɗaya a bakin ƙofar falo. Har baƙin Umma ban bari ba. Wata rana na matsa wa ƙanwar kakarmu a tafin hannu, ta sansana, ta shafa a wuya, ta ce Allah ya yi mini albarka, turaren da ƙarfi. Ƙannena suka sa mini suna Dubagari. (Maimakon in ji haushi, daɗi na ji. Ka ga inda matsalar ta fara.)

Abokiyar aikina ita ce Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, amma a Daurawa aka haife ta, Hausarta ta fi tawa Kananci. Ita fanninta lissafi ne da nazarin bayanai a kwamfuta. Malamina ne ya tsara mana aikin: ni in goga, ita ta ba kowace waya lamba a hargitse ta ɗauki hotonta, kuma kada in san lambar kowa har a gama, don kada son zuciya ya shiga sakamako.

Ranar da muka fara fita, mun tsaya wajen wani mai POS a bakin titin Gyadi-Gyadi, Malam Sabo, yana zaune ƙarƙashin lema, masu adaidaita suna hutawa a bencinsa. Na yi masa bayani har da turanci. Ya dubi tsinken, ya dube ni.

"Hajiya, wannan abin ba kwashe wa mutum kuɗin asusu yake yi ba?"

"Auduga ce fa, Malam."

"To fara gogawa a taki mu gani."

Na zaro wayata cikin yanga, na goge ta gaba da baya, na miƙa wa Rifkatu tsinken da wayar don in sa safar hannu. Masu adaidaita suka ga ba abin da ya fashe, sai kowa ya miƙo tasa. A zatona Rifkatu ta jefar da wancan tsinken. Ban tambaya ba, ita ma hayaniya ta ɗauke mata hankali.

Muka zaga sosai. Kasuwar Tarauni, masu gyaran waya, mahauta, ma'aikatan ofis, matan aure a Babban Giji. Farantai suka fara tsirowa, wasu kaɗan, wasu da dama. Amma lamba sha bakwai daban take. Farantinta ya cika maƙil, launi iri-iri, kamar an zubar da kayan kwalliyar amarya. Da na buɗe shi sai da mai kula da ɗakin gwajin ya buɗe taga. A ciki akwai ƙwayoyin da asalin mazauninsu hanjin ɗan Adam ne, wasunsu kuma na ɗiga musu magani suka yi zamansu kamar ruwan sanyi na ba su.

Na ƙaunaci sha bakwai, domin ita ce gishirin bincikena. Na zauna na ƙera wa mai ita kamanni a raina: ƙato ne, mai gumi, farcensa baƙi, yana cin tsire yana amsa waya. A gida idan ƙanena ya ƙi wanke hannu sai in ce, "Ci gaba, za ka zama sha bakwai."

Ranar kare binciken na iso cikin sabon leshi. A bakin ƙofar zauren Rifkatu ta riƙo mayafina.

"Ƙawata, tsaya. Malaminki ya ce in ƙara hoton wayar sha bakwai kusa da farantinta, ɗazu na buɗe hotunan, akwai maganar da…"

"Ya yi daidai. Gara duniya ta gani."

"Ki saurare ni mana."

"Rifkatu, bari sai mun fito. Kada ki rikita mini abin da na haddace."

Na shige na bar ta tsaye. (Duk wanda ya ce mini ba a yi mini gargaɗi ba, ƙarya yake yi don ya faranta mini.)

Zauren ya cika da malamai da ɗalibai. A tsakiyar teburin gaba ga baƙuwar Farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, dattijuwa mai farin gilashi, wadda aka ce idan ba ta gamsu ba sai mutum ya maimaita shekara. Na ajiye jakata a kan teburin da ke gefena, na fara. Wallahi na yi ƙoƙari. Baki bai sarƙe ba, hotunan majigi suna tafiya daidai, har na ga Farfesa ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne ya kai ni ya baro.

Da hoton farantin sha bakwai ya fito, zauren ya yi guna-guni. Abin da na rubuta shi ne sunayen ƙwayoyin da magungunan da suka bijire wa. Amma na ji ana saurarona, sai na saki takarda na kama wa'azi.

"Ranku ya daɗe, wannan ba waya ba ce, masai ce mai caji." Aka yi dariya, na ƙara samun ƙarfi. "Mai wannan wayar, ko waye shi, da ita yake shiga banɗaki, da ita yake cin abinci. Ina tausaya wa iyalinsa. Da zan gan shi, da na zaunar da shi na yi masa nasiha tsakani da Allah."

Na danna hoto na gaba.

Waya ce mai riga ruwan hoda, da kunnuwan zomo biyu a sama. Kunnen hagu a gutsure. Na san wanda ya gutsure shi, domin ni ke tauna shi idan karatu ya yi zafi.

 Na hango Rifkatu a baya ta kifa kai a kan benci, kafaɗunta suna rawa. Amma ƙwaƙwalwata ta yi saurin ba ni shawara: wayar tana cikin jaka, baƙuwar ba ta san ki ba, 'yan ajinku kuma ba za su tona ki a nan ba. Na haɗiye yawu na ce, "Irin wannan rigar ta cika kasuwa," na kai hannu zan wuce hoton.

Sai jakar ta fara kiɗa.

Umma ce, kiɗan da na ware wa kiranta ne. Kuma Umma idan ta kira ba a ɗauka ba, ba ta ɗaukar cewa mutum yana wani abu, ɗauka take ba a ji ba. Kiɗan ya katse, ya sake farawa. Shugaban zaman ya ce, "Malama, kashe wayar nan mu ci gaba."

Na zura hannu cikin jaka ina laluben maɓalli, na samu sanitaiza, na samu makulli, na samu dabino. Kiɗa bai fasa ba. Dole na ɗago ta kaɗan don in ga inda zan danna. Kunnuwan ne suka fara leƙowa.

Na ga idon Farfesa ya bar allo ya sauka kan jaka, ya koma allo. Duk zauren suka bi ta.  Ta cire gilashinta ta goge a hankali, ta mayar.

"'Yata," in ji ta, "kin ce kina son ganin mai wayar ki yi masa nasiha. Bismillah. Za mu jira ku gama."

Zauren ya tarwatse da dariya. Wani malami da ban taɓa ganin haƙoransa ba har da dukan tebur. Malamina ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. (Mutumin nan ya sha ganin wayar a ofishinsa. Har gobe ina zarginsa da sa hoton da gangan, har gobe yana rantsuwa.) Ni kuwa ina tsaye, zomo a hannu, zomo a allo, ga hotona a cikin wayoyin ɗalibai da suka ɗaga sama.

Da dariya ta lafa, Farfesa ta dawo da gaske. Ta tambayi yadda wayar mai bincike ta shiga cikin na mutanen da ake bincika. Na ba da labarin Malam Sabo da murya kamar ta sauro. Ta tambaye ni ko gaskiya na faɗa a kan mai wayar. Na ce galibi. Domin dai ina wanke hannu kamar zan sale fata, sannan in ɗauki wayar da ban taɓa gogewa ba, wadda ke raka ni ɗakin gwaji da kicin da wancan wurin da na ambata da bakina. Ta ce aikin yana da kyau, an amince, amma a cire sha bakwai a sake lissafi, a kuma cire mini al'adar yi wa mutane tarihi daga faranti.

Rifkatu ta sake lissafin, ta kira ni tana shan dariya. "Ƙawata, albishirinki. Da aka cire ki, unguwannin biyu sun ƙara tsafta."

Labari kuwa ya riga ni isa gida, wata 'yar ajinmu maƙociyarmu ce. Na tarar da ƙannena sun jeru a falo kowa da kwalbar sanitaiza a hannu kamar masu tarbar gwamna. Umma ba ta yi dariya ba. Ta taya ni murna, ta sa mini albarka, ta zubo mini tuwo. Na zauna, na ajiye wayar a gefen kwano kamar kullum. Sai ta sa bakin ludayi ta tura ta can ƙarshen tabarma.

"Dama kiran da na yi miki," in ji ta, "so nake in tuna miki ki kashe waya kafin ki shiga."

Yanzu ina koyar da ɗalibai, kuma idan na tsaya bayanin sakamako, sunan ƙwayar cuta nake faɗa, in faɗi maganin da ta ƙi ji, in ja bakina in yi shiru. Idan harshena ya fara ƙaiƙayin siffanta mai laifi, sai in fara laluba jakata tukuna.